Filin Ƙarshe na Arlen Zastrow

A nan jihar Wisconsin ko yaro ya san saiwar maganin nan da ake kira ginsen ba ta fitowa sau biyu a ƙasa ɗaya. In ka haƙe saiwar, wannan fili ya gama da ita har abada. Haka maƙwabcina Arlen Zastrow ya yi ta cin gonar ubansa yanki-yanki tun yana saurayi, har ya rage saura filin bayan rumbu. Mutum ne mai rowar magana. Matarsa Lorna takan ce da saiwa ya fi hira.

Ni nake taya shi tsinta duk kaka. Shekara huɗu saiwar take yi a ƙarƙashin rumfa, sannan mai sayenta Mista Kuang ya zo daga ƙasar Sin, ya gutsura, ya tauna, ya yamutsa fuska kamar an cuce shi, ya kwashe duka.

Shekarar da filin ƙarshe ya nuna, gwamnatinmu ta lafta wa kayan Sin haraji, su ma suka rama a kan namu. Kuang bai zo ba, waya ya bugo.

"Arlen, abokina, ba daga ni ba ne. Bana ta Kanada zan saya."

"To," in ji Arlen.

Na ce masa, "Tsoho, haƙe ka busar ka ajiye mana. Busasshiya ba ta ruɓa."

"Babana bai taɓa haƙa ba sai mai saye yana tsaye a bakin fili," ya ce. "Su kuma gwamnatocin nan manya ne, ba za su kai baɗi suna wannan shirme ba."

Ya bar ta a ƙasa. Shekara ta juyo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ganye ya soma yin rawaya. Manyan kuwa ba su shirya ba.

Da kaka dole muka haƙa. Ka ɗauki saiwa ta narke maka a hannu kamar dafaffen dankali. Na zaci zai yi faɗa. Ni kaina ban ji komai ba, hannuna dai yana aiki. Arlen ya tsuguna yana ware ruɓaɓɓun, manya gefe, ƙanana gefe, yadda Kuang yake so.

Lorna ta kawo mana kofi. Don dai a ce wani abu, ta ce, "Ba komai, maigida, sai mu sake shukawa."

Arlen ya dubi gonar, daga rumbu har bakin titi.

"A ina?" ya ce, ya ci gaba da warewa.