Mangwaron da Ba a So Ya Kama

Ina shekara ta uku da fara aikin ofis a jami'a aka naɗa ni magatakardar kwamitin kare muhalli. Allah ya sani ban san komai game da muhalli ba, hannuna ne kawai ke da sauri a kan kwamfuta. Kullum da safe in hau keke daga Gwadangaji, in sauka bakin ƙofa, in wuce ta gaban wani ƙaton koren allo da aka jera alkawuranmu a jikinsa: za mu dasa itatuwa, za mu daina amfani da leda, za mu rage hayaƙi. A bayan allon ne aka girke janareta, yana ta tari tun safe har la'asar.

Shugaban kwamitin wani farfesa ne da bai iya jimla biyu ba tare da ya ambaci ɗumamar yanayi ba. Idan za mu zauna taro, sai an kunna na'urar sanyi har haƙora su fara kaɗawa, a jera mana ruwan roba, sannan mu tattauna yadda duniya ke lalacewa a hannun jahilai.

Babban aikinmu shi ne dashen itatuwa, kuma a nan ne farfesa ya nuna cewa ba a banza ya yi karatu ba. An sayo mana ƙananan itatuwan mangwaro daga wani lambu a bakin gulbi a Argungu, kowane a cikin baƙar ledarsa. To, baƙi suna da yawa, filin da ke yin kyau a hoto kuma ɗaya ne tak, wanda ke gaban ginin shugabanni. Sai farfesa ya ce kada a kuskura a yage leda. Baƙo ya zo, a miƙa masa shebur mai ƙyalli, ya sa mangwaro a rami da ledarsa, ya watsa ƙasa, a tafa. Bayan kwana uku a tone, a mayar da su inuwa a bayan ma'ajiya, su jira baƙo na gaba. Wallahi akwai wani mai karkataccen wuya da na ga mutum huɗu sun dasa shi, har da wani Bature da ya shafa ganyensa ya kusa yin hawaye.

Mai tonewa da mayarwar wani dattijo ne daga wajen Augie, muna ce masa Baba mai lambu. Manomin albasa da shinkafa ne tun tasowarsa, sai ambaliya ta cinye masa fadama shekara biyu a jere, ya shigo birni neman abin da zai riƙe gida. Lebura ne na wucin gadi. Duk bayan wata uku ake sabunta takardarsa, kuma ba ta sabuntuwa sai farfesa ya sa hannu. Da wannan takardar iyalinsa ke cin tuwo.

Wata rana ya tare ni a bakin famfo, ya ce, "Malama, wanga aiki ba shi da kyawo. Yau a sa icce, gobe a hidda shi. Mi ya yi muna?"

Na ce, "Baba, don Allah ka yi abin da aka ce. Takardarka tana hannun mutumin nan."

Ya girgiza kai, ya ja tiyonsa ya tafi.

Da damina ta faɗi aka yi wani bikin dashe, washegari kuma farfesa ya hau jirgi zuwa taron ceton duniya a ƙasar waje. Ɗalibai suka tafi dogon hutu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Babu wanda ya tuna da mangwaro sai Baba. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na iske shi durƙushe a filin, yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro, ya yage ledar, ya zuba takin awaki da ya ɗauko a buhu daga gida, ya mayar, ya danna ƙasa da tafin hannunsa. Ya ɗago muka haɗa ido. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Kafin wata biyu filin ya canza. Mangwarorin suka fitar da sabon ganye ja-ja mai laushi, har karkataccen nan ya fara miƙe wuya. Baba ya kewaye kowane da ƙaya saboda awakin maƙwabta. In na wuce sai ya nuna mini da haɓa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ana nan sai ga labari cewa wata tawaga za ta zo ta ba mu lambar yabo ta kare muhalli, kuma shugabanta yana son ya dasa itace da hannunsa. Farfesa ya dawo da sabuwar jaka da sababbin kalmomi, ya ce a tone mangwaro a gyara ramuka. Lebura biyu suka kama na farko suka ja. Shiru. Suka ƙara ja. Ko gezau. Farfesa ya ce ragwanci ne, ya tattare babbar rigarsa ya kama da kansa, ya yi nishi, ganye biyu suka biyo hannunsa, saura kaɗan ya zauna a taɓo.

Aka kira Baba. Ya zo da fara'arsa, bawan Allah, ya ɗauka yabo za a yi masa.

"Sun kama, ranka ya daɗe," in ji shi. "Duka sun kama, ko guda bai mutu ba."

Farfesa ya ce, "Wa ya ba ka izinin yage leda?"

"Ranka ya daɗe, ni na aza dashe munka yi."

"To baƙin da za su zo, me kake so su dasa? Kai za su dasa?"

Baba ya ce ai ga fili can ta yamma, a sayo wasu a haƙa sababbin ramuka, shi zai haƙa ko shi kaɗai. Farfesa ya ce ta yamma juji ne ke fitowa a hoto, kuma babu lokacin zuwa Argungu. Ina tsaye riƙe da fayil. Na san gaskiyar Baba ce, kowa a wurin ya sani, amma sai na sunkuyar da kai a kan fayil ɗina.

Da diga aka bi su. Aka datse saiwoyin, aka cusa kowane a sabuwar leda, aka yayyafa musu ruwa don ganyen ya yi sheƙi. Baba bai taɓa ko ɗaya ba. Ya koma gindin famfo ya zauna, ya juya mana baya.

Biki ya yi kyau, kai, ban taɓa ganin irinsa ba. An kafa rumfa, an yi jawabi a kan amanar da jikokinmu suka ba mu, babban baƙo ya dasa mangwaro marar saiwa, aka miƙa wa farfesa lambar yabo ta gilashi. Kafin mako biyu ganyen duka ya bushe ya zube. Shugabannin jami'a suka leƙo ta taga suka ga sanduna a tsaye, suka ce a kawo musu bayani.

Bayanin ni na buga shi. Farfesa yana faɗa ina rubutawa: binciken kwamiti ya gano cewa mai lambu ya yi gaban kansa, ya saɓa tsarin kula da itatuwa, wanda hakan ya jawo mutuwarsu, don haka ba za a sabunta takardarsa ba. Ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Ya sa hannu, ya turo mini, ya nuna layin magatakarda.

Ni aka ba in kai masa. Na same shi yana naɗe tiyo. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ban yi boko ba. Karanta mini."

Na karanta, ina mayar masa da Hausa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya matso, ya ɗora yatsansa mai kaushi a ƙasan takardar.

"Wanga hannun farfesa ne, na san shi. Wanga na biyun fa, na wa ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ke da kika gani da idonki."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya rataye tiyon a ƙusarsa, ya nufi bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa da baburansu.