Ranar da Na Kashe Rautar Gidanmu Daga Kura

Kafin Yaya ya tafi karatu Sudan, ya kafa wani dogon ƙarfe a kan rufin gidanmu, ya jawo waya zuwa wani ɗan akwati mai korayen fitilu a falon Baba. Rauta ake ce mata. Ta nan intanet ke shigowa, ta nan kuma Baba ke jin muryar Yaya duk Juma'a bayan la'asar. Baba ba ya wasa da wannan hirar. Ko ranar da aka sako ruwan noman rani a kanal ce, zai bar tumatir a hannun 'yan aiki ya dawo ya zauna gaban kwamfuta.

Rautar tana da halin jaki, takan ƙame haka kawai sai an kashe ta an kunna. Shi ya sa Yaya ya rubuta wasu 'yan layukan umarni, sikirif yake ce musu, waɗanda ko daga ina ka danna su, rautar za ta mutu ta farfaɗo da kanta. Don kansa ya rubuta, ya riƙa gyara ta daga can. Ni kuwa na kwafe a filash, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta, domin ilimi ba ya son ɓoyo.

Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci a Kura, na ja abokaina biyu zuwa kafen intanet, dogon da gajeren. Na ce musu daga kujerar nan zan kashe abu a falon gidanmu, in tashe shi.

Dogon ya ce, "Kai da ko kajin gidanku ba sa jin maganarka?"

Na soka filash ɗin a kwamfuta, na buɗe baƙin allon rubuta umarni na nuna musu layuka suna gangarowa, alamar rautar tana amsawa. Na yi bisimilla na danna. Layukan suka tsaya cak. Gajeren ya ja kujerarsa baya.

Na ce, "Ta mutu ke nan. Kafin ku sha ruwa kofi ɗaya za ta dawo."

Da rijiya aka ba su da sun shanye ta. Allon bai motsa ba. Na sake dannawa, ya ce babu amsa. A nan na gane abin da Yaya bai gaya mini ba, tun da ban tambaya ba: da zarar ta mutu, hannunka ba ya kaiwa gare ta kuma daga nesa.

Dogon ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya jiƙan rauta. Mutumina, yaushe ne sadakar uku?"

Ban tsaya amsa ba. Na haye keke na bi gefen kanal, ina taka feda ina lissafin inda zan gudu. Garun Mallam ta yi kusa, Baba ya san kowa a tasha. Na hango fuskarsa yana zaune gaban kwamfuta shiru, ba zai ma dake ni ba, zai dai dube ni, kuma wannan ya fi bulala. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga banɗaki. Wani mai baro ɗauke da kwandunan tumatir ya sha da ƙyar, ya bi ni da zagin da ya kai har kakannina.

Ana kiran la'asar na faɗa gida. Baba ya tafi masallaci. Na leƙa falo: babu rauta. Waya ce kawai take lilo a bango. Na ƙwala kira.

"Inna! Ina akwatin Yaya?"

Ta fito daga kicin da muciya. "Yi mini a hankali, ɗan nema. Ina shara na ga fitilun sun ɗauke gaba ɗaya, sai ga wata ja tana ƙiftawa. Na ce muguwar wuta suka kawo, irin wadda ta ƙone mana talabijin. Na fizge komai."

Haka ake yi a gidanmu. Wuta na rawa, kowa ya ruga ya zare abin da ke kusa da shi. Inna dai ta ƙara da nata: ta naɗe rautar a zani ta tura ƙarƙashin gado, don kada wutar ta biyo ta.

Na zaro ta na jona. Ja. Har yanzu ja. Na ji sallamar Baba a zaure. Fitila ɗaya ta koma kore, wata ta biyo ta tana jan ƙafa, ta ƙarshen kuwa sai da Baba ya cire hula ya zauna sannan ta ga dama.

Muryar Yaya ta fito tana kakkaryewa. Suka gaisa, suka yi zancen tsutsar da ta shiga tumatir, ni ina raɓe a bakin ƙofa ina shirin sulalewa. Sai na ji Yaya ya ce, "Baba, ɗazu na ga an taɓa rautar nan daga waje, kuma ba ni ba ne. Auta yana kusa?"

Baba ya juyo, ya miƙo mini abin magana.