Cajin Keke Ya Ƙare Mini A Hanyar Sharabi

Ina tsakiyar yashi, ina dawowa garinmu Sharabi daga makaranta a Bagudo, keken ya yi ɗif. Caji ya ƙare.

Keken lantarki ne mai faffaɗan taya, Kawu ya kawo shi daga Benin mu gwada kwana ukku. Baba ya ce in ya iya hanyarmu zai saya, in bai iya ba sai in haƙura da karatun Bagudo, don tafiyar ta yi mini nisa.

Na ɗan tsaya, ko wani kyakkyawa zai faka mota kamar a littafi. Amalanken shanu kaɗai ya wuce.

Na tattare hijabina na kama tuƙi da ƙafa. Wallahi nauyinsa kamar buhun shinkafa.

Na iso gida jiƙe da gumi. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mi ya faru? Wanga keke banza ne ko?"

Ni da ban iya haɗa ido da shi, sai na ji bakina ya ce, "Batir ne ya mutu, Baba. Ƙafafuna suna nan."

Sai ya ce Kawu ya nemo abin cajin sola.

Masu irin keken nan, da sola kuke caji ko yaya? Ni dai gobe da ni za a yi darasi.