Ranar Da Waya Ta Sallami Mai Wankan Gawar Unguwarmu

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya kai kan wannan wasiƙa. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a unguwar Sintali cikin Jalingo. Karatuna ya tsaya a sakandare, duniyata kuma ba ta wuce madafi, Islamiyya da gidajen maƙwabta ba. Maigidana yana da difloma, amma ya yi shekaru yana yawo da takardu a leda. Duk ofishin da ya shiga sai a tambaye shi wa ya aiko shi, wani wurin ma da an ji sunansa da ƙabilarsa sai a sallame shi da murmushi. Akwai kuma abin da ya gada wurin mahaifinsa: shi ne mai wankan gawar maza a layinmu da layukan da ke bayanmu. Ba a biyansa, ko goro bai taɓa yarda ya karɓa ba. Ni ke ajiye masa kayan wankan a wata 'yar jaka bayan ƙofa, sabulu, turare, ganyen magarya da safar hannu.

Ana nan sai wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya buɗe sito a garin, aka ce ba mutum ke tantance ma'aikata ba, ƙirƙirarriyar basira ce a cikin manhajar waya. Har yau ina ganinsa zaune a tabarma da rigarsa ta Juma'a, ya jingina wayar jikin filas ɗin shayi, wata murya tana yi masa tambayoyi yana amsawa, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa na toshe wa autarmu baki. Ba ta tambaye shi ɗan gidan wane ne ba, ba ta tambaye shi masallaci yake zuwa ko coci ba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo an ɗauke shi mai kula da shige da ficen kaya. Na yi sujadar godiya, na soya ƙosai na raba sadaka. Har a Islamiyya na riƙa gaya wa mata cewa yau ga abin da ba ya karɓar na goro, ba ya son kai. Kuma gaskiya na faɗa, ba zan janye ba.

Abin da ban sani ba shi ne wadda ta ɗauke shi ita ce za ta riƙa kiwonsa. Da safe sai ya nuna mata fuska a bakin sito, tana bin duk inda wayarsa ta nufa, tana ba kowane ma'aikaci launi: kore, ruwan ɗorawa ko ja. Mai son fita sai ya nemi izini tun ana gobe, in ba rashin lafiya ba ce ko rasuwar ɗan'uwa. To mutuwa ba ta sanarwa ana gobe, mu kuma ba ma barin gawa ta jira a tashi aiki. Ranar da aka fara yin rasuwa a layinmu bayan ya kama aiki, ya tsaya riƙe da waya ya rasa abin da zai zaɓa, domin babu gurbin mai wankan gawa a ciki. Ni ce na ce masa ai maƙwabci ɗan'uwa ne, ga shi tsohon da ya rasu ma bappa yake ce masa tun yana yaro, ya danna rasuwar ɗan'uwa ya tafi. Ya ce abin ya yi masa kama da ƙarya, gara ya gaya wa manajansu. Na ce kada ya soma aiki da roƙon alfarma, Allah ya san niyyarsa. Ya saurare ni, kamar yadda ya saba.

Daminar shekarar nan an yi rashe-rashe a unguwa, tsofaffi da masu zazzaɓi. Duk lokacin da aka buga ƙofa sai ya danna rasuwar ɗan'uwa, ya ɗauki jaka. Da yamma yakan koma sito ya rama aikin har bayan magariba, amma manhajar ba ta ƙirga wannan, tunda ba lokacin da ta sani ba ne. Koren nan ya koma ruwan ɗorawa, sai ga saƙo cewa yawan 'yan'uwan da yake rasawa ya yi kama da yaudara. Mutumin da ko canjin kasuwa sai ya dawo da shi, shi na'ura ta kira mayaudari. Ya je ya sami manajan, wani Bajukune Kirista mai kirki da ke ce masa malam. Mutumin ya ce da tun farko aka gaya masa, da ya rubuta wa hedikwata a mayar da shi aikin yamma, amma yanzu abin ya shiga tarihinsa, kuma shi kansa launi gare shi, ba ya iya goge na kowa. Ya roƙe shi kada ya ƙara fita, domin saura ja.

Ba a yi nisa ba, wata safiya aka yi sallama. Wani tsoho ne mai faskare da ke kwana a zauren maƙwabtanmu ya rasu, ba shi da kowa a garin. Liman ya yi tafiya, samarin layin kuma babu wanda ya taɓa wanke gawa. Maigidana ya riga ya sa takalmi. A karon nan na ce masa ya dubi yaran nan ya tafi aiki, a nemo wani daga unguwar Barade. Ya ce wa zai taso daga Barade saboda mai faskare. Sai ya ajiye wayar a kan katifa bai danna komai ba, ya ce in miƙo masa jakar. Na miƙa masa.

Suna maƙabarta wayar ta yi ƙara. Na karanta da ɗan Turancina: an gode masa, an rufe aikinsa daga ranar. Na zauna bakin murhu na yi kukana na share fuska. Da ya dawo da jar ƙasa a ƙafafunsa na zuba masa ruwa, na sa masa abinci, sai da ya wanke hannu na nuna masa. Innalillahi kawai ya ce, ya tambaye ni ko akwai sauran sabulu a jakar. Manajan ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya ce ya rubuta wa hedikwata, amsar da ta dawo ma na'ura ce ta rubuto ta. Yanzu maigidana keke napep yake ja na wani. Bai taɓa ce min shawarata ce ta jawo ba, kuma shirun nan nasa ya fi faɗa gajiyar da ni.

Na koyi cewa abin da bai san sunan ubanka ba lokacin ɗauka, ba zai san uzurinka ba lokacin kora. 'Yan'uwana mata, kada ku koya wa mazajenku lallaɓa na'ura, ku bar su su faɗa wa mutum gaskiya tun da wuri, ko da za a ƙi. Mai neman aiki ya tambaya ko akwai ɗan Adam da zai saurare shi ran da ta ɓaci. Masu kamfani, ku bar wa mutum kalmar ƙarshe. Mu kuma 'yan unguwa mu koya wa samarinmu wankan gawa, kada mu ɗora wa mutum ɗaya. Jakar tana nan bayan ƙofa, jiya ma na ƙara mata ganyen magarya.