Ƙwayar gero uku a bawul ɗin mashina

Jama'a, yau na yi girbin bana a garejin bakanike!

Tun da damina ta ƙi, kabu-kabu ke ciyar da gidana. Jiya Malam Sani bakanike ya sake mini fistin da ringi, ya ɗaura kan injin da na ɗauko daga garin Isa. Yau na taka kik, ya tafi kamar auduga, mashin bai tashi ba. Malam Sani ya cire fulogi, ya toshe ramin da yatsa. Na sake takawa, iska ba ta ko ture yatsan ba.

Ya ce, "Cikin mi ka ɗauko kan injin daga Isa?"

Na ce tsohon buhun gero.

Ya kwance kan injin. Ƙwaya uku sun hana bawul rufewa.

Ya zuba mini a tafi: "Riƙe da kyau, Alhaji. Bana ka fi kowa amfanin gona a Tsamaye."