Zoben da na karanta a jikin baƙar motar Hajiya Rabi

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tun da na bar aiki, har lambar wayata sai na tambaya a gida, amma ban taɓa mantawa da Talatar da Hajiya Rabi ta kawo mini baƙar motarta lavaj ba. Lavaj, ga wanda bai sani ba, wurin wankin mota ne. Nawa yana bakin hanyar da ta gangara gada, nan Gaya, inda kamyon, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan. Ku da kuke aikin yanzu ku ajiye wayoyin nan, babban masani zai yi magana. Aji uku na yi a lekkwal, wato makarantar boko, kafin mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, kada a ƙara ya zube.

Aikinmu yana da muƙamai, kada a gan mu cikin caɓi a raina mu. Ana farawa da ɗibar ruwa, sai wankin taya, sai sabulu. Na ƙarshe shi ne mai goge fenti, wanda ba ya taɓa mota sai an gama mata wanka, kamar babban likita. A lokacin shekarata ashirin da ɗaya a aikin, sha ɗaya daga ciki a kan wannan kujera ta ƙarshe. Kujerar tsohuwar taya ce, amma dai kujera ce.

Hajiya Rabi ƴar kasuwa ce, atamfa take kawowa daga Kwatano. Motar kat-kat ce, irin babbar jif ɗin nan, watanta biyu a hannunta, ranar kuwa mako guda bayan babbar salla. Ta fito da hantsi, direbanta Isufu yana biye da ita. Dogo ne, uban ƴaƴa biyar, shekara tara yana yi mata tuƙi.

"Malam Garba, zo ka ga abin da wannan ya yi mini."

A inuwa motar lafiya lau. Da muka fito da ita rana sai ga zobe-zobe sirara a jikinta, kamar saƙar gizo-gizo. Bari in yi bayani. Fentin mota yana da wata fata ta sama, siririya, mai sheƙi. Ƙurar da kamyon ke tayarwa kuwa yashi ce. In ka ɗauki busasshen tsumma kana zagayawa a kanta, kowace ƙwaya tana jan layinta. A farar mota abin yakan ɓuya. Baƙa ba ta rufa wa kowa asiri.

Hajiya ta ce, "Na ce masa a wurinka kaɗai za a riƙa wanke ta. Ko ya kai wa wasu, ko shi yake gurzarta da buhu. Ka gyara in tana gyaruwa. Shi kuwa ran Juma'a ya ba ni makullina."

Isufu ya sunkuyar da kai.

Na ja farcena a hankali a kan zanen. In farce ya maƙale, ciwon ya yi zurfi, sai mai fenti. Bai maƙale ba. Na gyara murya na ce, "Hajiya, mara lafiya zai tashi, amma sai an kwantar da shi kwana biyu."

Na shigar da ita rumfa na jira ƙarfen ya huce, don ba a goge mota tana zafi. Na sheƙa mata ruwa tukuna, ba tare da hannu ya taɓa ta ba. Sannan bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don yashin da ka ɗebo kada ya koma jikinta. Da ta bushe na ɗauki man goge fenti, ɗigo kaɗan a soso mai laushi, ina bin wuri kamar faɗin faranti. Gaba da baya, sannan sama da ƙasa, ban da zagaye. In goge da shifon, wato tsumma mai laushi, in haska da tocila, in matsa gaba. Ba ƙarfi ake sawa ba, haƙuri ne, don fatar nan in ka cinye ta ba ta tsirowa. Ƙofa ɗaya ta ci mini daga azahar zuwa la'asar.

Ina cikin wannan ne na lura da wani abu. Rufin motar tas yake, ko layi ɗaya babu. A kan kapo, wato murfin inji, zoben sun bi gefe-gefe suka tsaya cak, tsakiya ba a taɓa ba. Na dubi hannun Isufu, wanda yake zaune a benci ya yi tagumi. Hannu ne da zai ɗauko tulu daga bayan katanga.

Na ce, "Isufu, yaushe ka fara wankin mota a durƙushe?"

"Malam Garba, ka yi aikinka kawai."

"Aikina nake yi. Mai wannan zanen gajere ne kamata. Kai kuwa Allah ya yi ka kamar falwaya. Wane ne?"

Sai ya faɗa mini gaskiya. Ashe Baba Hamani ne, mahaifin Hajiya, tsohon masunci daga Tunuga da ta ɗauko ya zauna wurinta. Kullum bayan asuba sai ya fito da wani tsohon rawaninsa, ya bi motar yana gogewa yana sa mata albarka, kada wani abu ya sami ƴarsa a hanya.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Da wane baki zan ce wa Hajiya mahaifinki ne? Gara a kore ni."

Na gama ƙofofi da gefe ran Laraba, na shafa musu kakin da ke tsare fenti. Kapo kuwa na bar shi da ciwonsa da gangan. Ran Alhamis Hajiya ta zo, ta ga fuskarta a jikin ƙofa har da ɗan kunne, ta fara murmushi. Sai idonta ya kai kan kapo.

"Nan fa? Ko mai ya ƙare?"

"Hajiya, nan ne ofishin bincike. Isufu, miƙa hannu."

Ya miƙa, hannunsa ya wuce tsakiyar kapo. Na ce ya ja baya. Na miƙa nawa, ya tsaya daidai inda zoben suka tsaya.

Na ce, "Kin ga, mai aikin nan tsayinmu ɗaya. To ko dai ni ne nake haurowa gidanki, ko akwai wani dattijo da ke riga kowa tashi. Ni ban ambaci sunan kowa ba."

Ta rufe baki da mayafi. "Wayyo, Baba." Ta juya ga Isufu. "Ka sani? Ka bari na yi ta zaginka gaban mutane?"

Ya ce, "Hajiya, ai Baba ne."

Har na fara jin kunya a madadinta. Sannan ta ce masa, "Riƙe makullinka. Ka yafe ni." Ta dube ni. "Amma Malam Garba, ni ba zan iya hana shi ba."

Na ce ba hana shi za a yi ba, ƙarin girma za a yi masa. Na ƙarasa kapo a ranar. Juma'a da sassafe na isa gidan da bokiti biyu da sabon shifon, na tarar da tsohon ya riga ya warware rawaninsa.

"Fofo, sannu Baba. An aiko ni in ba ka kayan aiki, an naɗa ka shef, wato shugaba, na motar nan."

Ya kalle ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba. "Kai ɗan nan, shekara hamsin ina goge kwalekwale. Kai za ka koya mini?"

"Baba, kwalekwale cikin ruwa yake kwana, wannan cikin ƙura. Ruwa tukuna. Sannan a ja hannu a miƙe, yadda ake jan filafili."

Ya karɓi shifon ya murza shi tsakanin yatsu. Ya zuba ruwa, ya ja sau ɗaya, ya ja na biyu, a miƙe sarai, bakinsa yana motsi da addu'arsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai kana karkacewa a ƙarshen ja. Ka gyara."

Na ce to. Wallahi gaskiya ya faɗa.

Isufu ya ci gaba da tuƙa Hajiya har furfura ta fito masa. Ni kuwa abin da na koya ke nan, ku rubuta tunda ku kun yi lekkwal mai tsawo: a duk shekarun da na yi, ban ga motar da maƙiyi ya zana mata zobe ba, kullum mai son ta ne. Saboda haka in an kawo muku, kada ku tsaya ga goge fenti. Ku nemo mai hannun, ku ba shi bokiti biyu, kuma ku bar masa mutuncinsa.