Farin Tantanin da Kakana Yake Ɗayewa

Jiya likitar gashin ƙashi ta ce mini masu bincike sun gano tantanin da ke lulluɓe da tsoka kan jawo ciwon baya. Sai na tuna kakana, mahauci a Daura.

Shekarar da na faɗo daga babur a hanyar Zango, kafaɗata ta sandare, har na fid da rai da noma. Ya zaunar da ni, tafinsa na ƙanshin man shanu, yana murzawa a hankali.

"Abokina, farin tantanin da nake ɗayewa jikin nama, kai ma kana da shi. In ka daina motsi, mannewa yake."

Na sha hawaye, amma damina ta same ni riƙe da fartanya.

Allah Ya sanyaya makwancinsa.